Safar da Inna Ke Saƙawa

Litinin, da yamma

Na dawo daga asibiti. Babu.

Likita ta juyo mini da allon na'urar hoto don in gani da idona. Ni dai toka-toka kawai na gani, amma na lura da yadda ta daɗe tana yawo da abin a kan marata kafin ta ajiye shi. Ta ce, "Mahaifarki lafiya lau, sai dai babu kowa a ciki." Na ce to wata ukun da ban ga al'ada ba fa, da ruwan nonon da ke ɓata mini riga? Ta ce dalilin da za a ɗebi jinina ke nan. An ɗiba. Ran Alhamis zan koma.

Injiniya ya haɗa mini shayi, har ya huce ban taɓa ba. Mijina ke nan, firji yake gyarawa, ni na laƙa masa Injiniya tun muna sabon aure har sunan ya bi shi wurin aiki. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin babur a yatsa. Da na gaya masa sai ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya fita baranda da kwalin sigarinsa. Ina ji yana ta ƙyasta ashana tana ƙin kamawa.

Shekara tara da aure, wannan ne karo na farko da na bar zuciyata ta miƙe ƙafa. Na gaji.

Talata, lokacin hutun rana

Ina rubutu a kan kwandon tawul, bayan babban injin busarwa, inda ya fi ko'ina ɗumi a otal ɗin nan. Ɗakin wankinmu a ƙasan bene yake, ba taga, tururi ko'ina. Kowa gumi yake sharewa, ni kuwa rigar sanyi biyu ce a jikina. Rediyo, abokiyar gugata, wadda ban taɓa ganin bakinta a rufe ba sai in ta cika shi da burodi, ta ce, "Ke dai auren mai firji bai yi miki rana ba. Wai a cikin injin ƙanƙara yake ajiye ki ne in kin koma gida?"

Tun makon jiya ta hana ni ɗaukar kwando mai nauyi. Ba ta faɗi dalili ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihinta. Yau ma ta fizge shi daga hannuna ta harare ni. Na bar mata.

Laraba, bayan na dawo daga gidan Yaya

Laraba ce ranar hutuna, ita ce ranar Inna.

Tun da hawan jini ya shanye mata ɓarin dama bara take gidan Yaya, a ɗakin da ke kusa da kicin. Maganarta ta dawo, amma a hankali, kalma ɗaya sai ta huta. Hannun ne ya ƙi. Malamin gashi da ke zuwa motsa mata jiki ya kawo mata ƙwallon roba ta dinga matsawa, ta ce ita ba kyanwa ba ce, ta ture shi ƙarƙashin gado. Watanni tana kwance fuskarta a bango. In ka gaishe ta, bangon ne ke amsawa.

Sai wata Laraba, ba a daɗe ba, na sunkuya zan gyara mata matashi na ga idonta ya tsaya a gaban rigata. Tabo biyu, sun jiƙe. Ni tabo sana'ata ce, na san na mai, na shayi, na jan baki, na san mai son ruwan zafi da mai son na sanyi. Amma Inna 'ya'ya shida ta shayar, wannan tabon ta fi ni saninsa. Ba ta ce uffan ba. Irin wannan magana ba ta taɓa shiga tsakanina da Inna ba. Washegari ta aiki Yaya kasuwa a sayo mata ulu.

Yau na tarar da ita a zaune. A zaune! An tokare ta da matasai, kwarashin saƙa a hannun daman nan da ya ƙi ƙwallo. Yaya ta naɗe masa tsumma ya yi kauri don ta iya riƙewa. Ulun rawaya ne, wanda zai yi wa mace ya yi wa namiji. Tun safe layi biyu ta yi, duk a karkace, gumi a goshinta kamar mai faskare.

Ta ce, "Auta. Zauna. Kar ki tsaya."

Na zauna. Tun a mota nake shirya maganar, na haddace ta tsaf. Ban faɗa ba. Ta yaya zan ƙaryata abin da ba wanda ya furta?

Alhamis, da la'asar

Ashe matsalar ba a mara take ba, a wuya take. Likita ta kama yatsuna ta ɗora a gaban maƙogwarona ta ce in haɗiyi yawu. Wai akwai wani ɗan abu a nan, shi ne wanda in ya kumbura ake ce wa maƙoƙo, kuma shi ke hura wa jiki wuta. Nawa bai kumbura ba, lalaci ya sa a gaba. Shi ya kawo sanyin nan, da barcin da ba ya isata, da gashin da nake tarawa a mataji, da ƙibar da na yi ba tare da na ƙara loma ba. Da ƙwaƙwalwa ta ga ya yi kwance sai ta dinga aika masa ya tashi, garin haka ta tayar da sinadarin da ke kawo ruwan nono. Jikina sai ya ɗauka goyo nake yi. Mai goyo kuwa, jiki yakan dakatar mata da sakin ƙwai, al'ada ta ɗauke.

Na ce, "Wato jikina shayarwa yake yi?"

Ta ce, "A ganinsa."

Na yi dariya har sai da ta turo mini kwalin tishu. Ina nan ina neman ɗa ido rufe, ashe jikina shi har ya haihu ya fara goyo, bai ga damar sanar da ni ba.

Ƙwaya ɗaya kowace safiya, kafin in ci komai, da ruwa kawai, shayi sai ya jira. In samu barci, in dinga ɗan tattaki, in ajiye duk jiƙe-jiƙen da masu ƙaunata ke kawo mini a gora. Bayan wata ɗaya da rabi a sake gwada jini. Sannan ta tambaya ko maigidan yana shan sigari, kuma ko an taɓa gwada shi. A duk yawon asibitin da na yi da na masu magani, ba wanda ya taɓa tambayata wannan.

Da zan fita ta ce, "Ba na yi miki alƙawarin ɗa ba ne fa. Amma wannan ƙofa ce da muka san makullinta."

Juma'a, da safe

Ƙwayar ko ƙwayar shinkafa ta fi ta girma. Ita ce wai za ta tayar da ni.

Asabar, da yamma

Na isar wa Injiniya saƙon likita. Ya ce shi lafiyarsa lau. Na ce ai firjin da ake kawo masa ma fitilarsu na kamawa lau, sai ya buɗe baya yake ganin abin da ke ciki. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ke bakinki ne kaɗai sanyin bai kama ba." Zai je ran Litinin.

Ya tambaya ko na gaya wa Inna. Na tashi na kwashe kwanuka.

Laraba, da yamma

Na gaya wa Yaya. A kicin, tana wanke shinkafa, na rufo ƙofa na ce, "Yaya, babu fa." Ta bar famfo yana zuba. Na yi mata bayanin wuya da ƙwaƙwalwa da sinadari, tana gyaɗa kai, na san rabi bai shiga ba. Ta rungume ni da jiƙaƙƙen hannu, ta yi hawayenta. Sannan ta ja baya ta share ido da gefen zani ta ce, "Kar ki kuskura ki gaya mata."

Na ce, "Yaya, ramin ƙarya fa ƙurarre ne."

"Wace ƙarya kika yi? Kin ce mata wani abu? Ni nake juya ta, ni nake mata wanka, ni na san abin da na gani a ɗakin nan. Jiya da kanta ta riƙe cokali. Da kanta, Auta! Malamin gashi har tafi ya yi. Ki bari hannun ya yi ƙarfi tukuna."

"Har yaushe?"

"Har Allah ya kawo dabara."

Da na koma ɗaki Inna ta kai dunduniya. Safa ce. Tsawonta bai wuce ɗan yatsana ba. Ta ga ina kallo sai ta ja bargo ta rufe, wai ita ma kunya take ji.

Ban faɗa ba.

Alhamis, da safe

Ƙwaya, ruwa, jira. Na gaji.

Asabar, lokacin hutun rana

An cika otal da masu taro, zanin gado kamar ba za su ƙare ba. Tsaye nake tun safe a bakin injin guga, ƙafafuna sun kumbura. Rediyo ta jawo mini kujera ta ce, "Zauna, mu ai mun saba. Ke yanzu ba ke kaɗai ba ce." Ta faɗa, ta toshe baki da hannu, ta leƙa hagu da dama. Na buɗe baki zan gyara mata, shugabarmu ta shigo tana neman tawul na hawa na uku. Shi ke nan maganar ta wuce.

An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Nawa ba gaskiya, ba kowa.

Litinin, da yamma

Sakamakon Injiniya ya fito. Ƙwayoyin haihuwarsa akwai su, amma likita ta ce da yawansu ba sa sauri. Na ce kamar ubansu ke nan in an aike shi kasuwa. Bai yi dariya ba. An ce masa ya bar sigari, ya rage zama cikin zafi da matsattsen wando, a sake dubawa bayan wata uku. Ya ba maigadin layinmu kwalin da ya rage, ya sayo alewa mai yaji ya cika aljihu.

Ya zauna a bakin gado ya juya mini baya ya ce, "Duk shekarun nan ke kaɗai ake ɗirka wa magani." Na ce ya wuce. Ya ce, "Bai wuce ba." Ya ci gaba da ƙwarar alewa da haƙoransa.

Laraba

Na je. Ban faɗa ba.

Lahadi, da hantsi

Mako guda da wani abu ban taɓa littafin nan ba. Babu abin rubutawa, ƙwaya ce da guga da barci.

Sai dai shekaranjiya na cire rigar sanyi ɗaya a wurin aiki. Rediyo ta yi shela wai a zo a gani, ƙanƙara ta fara narkewa. Yau na farka kafin agogo ya buga, ban ji kamar an ɗaure mini dutse a baya ba. Zobena da ya matse ya fara juyawa. Tsumman da nake cusawa a gaban riga kwana biyu ke nan ina cire shi a bushe. Ƙafafuna ne kawai suka ƙi, har yanzu kamar na tsoma su a randa.

Ya kamata in yi murna. Ina yi, kaɗan. Amma duk abin da ya gyaru a jikina, wani abu ne da Inna za ta nema ta rasa.

Laraba, da yamma

Ta gama ƙafa ɗaya. Ba ta miƙo mini ba, ta sa Yaya ta ɗora a kan matashin kujerar da nake zama, kamar mantuwa aka yi. Na ɗauka. Saƙar ta fara a karkace daga yatsu, tana hawa tana miƙewa, bakin safar kuwa daidai yake kamar na da, lokacin da take saƙa mana na makaranta. Duk warkewar hannunta tana jikin safar nan, layi bayan layi. Na ce, "Inna, ta yi kyau." Ta kawar da kai tana murmushi da ɓarin bakinta mai motsi.

Can ta dube ni sama da ƙasa, ta tsaya a tsakiya, ta ɓata rai. "Kin rame. Ba kya ci." Ta turo mini dafaffen ƙwan da aka kawo mata. Na ce na ƙoshi. Ta ce, "Ba don ke ba."

Na ci. Yaya tana bakin ƙofa tana mini ido.

Alhamis, da magariba

Mun yi faɗa da Injiniya. Rashin sigari ya mayar da shi kamar kunama, ni kuma ban da haƙurin ba shi. Ya ce duk Laraba ina dawowa kamar wadda aka yi wa duka, in ba zan iya ba shi zai je ya durƙusa ya gaya mata. Na ce uwarsa ce? Ya ce, "Wata biyu masu zuwa fa? Matashi za ki cusa a riga?" Na ce masa abin da bai kamata ba game da masu rashin saurin nan nasa. Ya ɗauki makulli ya fita.

Ya dawo da lemo, ya ajiye a tebur. Na yanka mana. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi.

Talata, bayan an tashi aiki

Ta zo.

Ina ninke zanin gado na ji marata ta murɗa, irin murɗawar da na manta. Rediyo ce ta fara ganin jinin a bayan farar rigar aikina. Ta saki ihu, ta yar da kwando, ta kama ni tana salati tana cewa a kira mota, a kira mijinta, a kira kowa. "Wayyo 'yar'uwa, kwandon jiya ne, na ce ki bar shi!" Hawaye shaɓe-shaɓe. Na ja ta banɗaki na rufe ƙofa na gaya mata komai, tun daga wuya. Ta yi shiru, shiru na gaske, har na tsorata. Sannan ta ce, "Wato wata biyu ina ɗaukar miki kwando a banza?" Muka yi ta dariya muna kuka har shugabarmu ta buga ƙofa.

Na wanke rigar da kaina. Jini ruwan sanyi yake so, in ka sa masa na zafi ya zauna ke nan.

Na kira likita. Ta ce, "Madalla! Jikin ya yaye goyonsa ke nan. Ki zo mu sake gwada jinin." Ban taɓa jin wanda ya yi murna da wannan abu ba, kuma ni ma ban taɓa yi ba sai yau.

Talata, bayan isha'i

Na kira Yaya. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ga dabarar ta zo da ƙafarta. Gobe kar ki zo. Zan ce mata ɓari kika yi, kina kwance. Za ta yi kuka ta haƙura, ta sa rai da na gaba, ta ci gaba da saƙarta. Kowa ya huta."

Ba zan ɓoye wa takarda ba, maganar ta yi mini daɗi. Na hango kaina a kwance ana shigowa ana mini sannu, ana cewa Allah ya mayar da alheri. Sannun da ake yi wa macen da ta taɓa ɗauka. Shekara tara ba a taɓa yi mini irinta ba, ni tawa sannun ta daban ce, a kaikaice ake yinta tare da gorar magani. Na so ta ƙwarai.

Amma Inna ta binne biyu cikin shidanta. Har yau in an ambaci sunansu sai ta tashi daga wurin. In aka ce mata ɓari, na uku za ta binne, kuma da gaske za ta binne shi. Sannan jinin nan shi ne alheri na farko da jikina ya yi mini a shekarun nan. Ba zan sa masa sunan mutuwa ba.

Na ce wa Yaya kar ta ce komai, ina zuwa. Ta kashe waya.

Laraba, da yamma

Na faɗa.

Na tarar ta kai rabin ƙafa ta biyu. Na zauna a ƙasa kusa da gadon don kar in ga idonta. Na ce, "Inna, abin da kika gani a rigata ba shi ba ne. Ciwo ne a wuyana, shi ya kawo ruwan. Babu ciki, ba a taɓa yi ba. Na sani tun ba ki kai dunduniyar farko ba. Ina shan magani, ina samun sauƙi." Kalmar da ba mu taɓa furtawa a gaban juna ba, yau na furta ta don in ce babu.

Kwarashin ya zame ya faɗi a siminti. Ulun ya gangara ƙarƙashin gado, wajen ƙwallon roba. Ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan ta ja jiki da ƙyar, ba ta yarda na taimaka ba, ta kwanta ta juya fuska bango.

Na ce, "Inna." Bango.

Yaya ta raka ni har ƙofar gida ba don girmamawa ba. Ta ce, "Kin huta? Kin sauke kayanki a kan tsohuwa, ke kin tafi gidanki ki yi barci. Ni zan kwana da ita." Na kama hanya.

Juma'a, da safe

Ƙwaya, ruwa, jira. Yaya ba ta ɗaga waya.

Asabar, da yamma

Injiniya ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya tafi gyara firjin Yaya, wanda lafiyarsa lau. Ya kwance bayansa ya mayar, ya sha ruwa, ya shiga gaida Inna. Ya ce ta amsa da kai kawai. Abinci sai an matsa mata, malamin gashi ya zo ta ƙi ba shi hannu. Ulun yana nan ƙarƙashin gado, ba wanda ya ɗauko.

Ya ce, "Kin yi daidai." Na ce in daidai ke nan, Allah ya raba mu da kuskure.

Litinin

An ɗebi jini. Likita ta ce lambobin sun fara hankali. Na gaji, amma wannan gajiyar ba ta wuya ba ce.

Laraba, da yamma

Na je. Yaya ta buɗe mini ƙofa ta koma kicin. Inna na kwance yadda na bar ta. Na gaishe ta, na ba ta labarin otal, da na Rediyo, da yadda Injiniya ya cinye alewar unguwa. Ko motsi. Da labari ya ƙare na hau ƙarshen gadon na jingina da bango, na tura ƙafafuna cikin bargonta. Ban san barci ya ɗauke ni ba.

Da na farka na ji hannu a kan ƙafata. Na dama ne. Yana riƙe da yatsuna, riƙo mai ƙarfi. Fuskarta na bango har yanzu. Ban motsa ba, ita ma ba ta saki ba, har Yaya ta shigo da magani.

Lahadi, da la'asar

Da hantsi Yaya ta kira, karo na farko. Ta ce, "Ta ce ki zo. Kar ki tambaye ni, ni 'yar aike ce." Rediyo ta karɓar mini aiki.

Na tarar da ita a zaune. An zaro ulun an kakkaɓe. Ƙafa ta biyun nan da ta kai rabi, ita take warwarewa, tana jan zaren da hannun dama tana naɗewa a yatsun hagu, zaren duk ya nannaɗe. Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Zo nan. Kusa."

Na matsa. Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen taga, ta daɗe tana kallo. Ta shafa gaban wuyana da babban yatsa.

"Nan ne?"

"Nan ne."

"Da zafi?"

"Babu zafi, Inna. Gajiya ce kawai, da sanyi."

Ta saki. Maganar ta fito mata ɗaya bayan ɗaya, tana hutawa a tsakani. "Duk Laraba kina zuwa. Ba ki da lafiya. Ni cikinki nake kallo. Ban kalli fuskarki ba."

Ashe abin da take gaya wa bango ke nan. Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta dungure mini kai ta ce, "Ya isa. Miƙo ƙafarki."

Na miƙa. Ta ɗora ta a cinya ta auna da tafin hannu, daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta sake aunawa don hannun ya ɗan yi rawa. "Tun kina jaririya take sanyi," in ji ta. Ta ɗauki kwarashi ta fara sabon layi da nannaɗaɗɗen zaren. Yaya na tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, miya na ɗiga a ƙasa ba ta sani ba.

A ƙarƙashin matashinta na hango bakin ƙaramar safar nan, wadda ta gama. Na ce, "Waccan fa, Inna? Ita ma za a warware?"

Ba ta ɗago ba. Ta tura ta ciki da gwiwar hannu.

"Bar ta nan. Ulu ba ya ruɓewa." Ta ja zare. "Ke dai sayo wani. Ƙafar nan taki ta yi girma."